Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Cire Bamba da Ragar Gaba Don Yin Fenti

Kwanakin baya wani matashi ɗan unguwarmu a nan Jidda ya shigo warsha, wato garejinmu na gyaran mota, da Camry, ya kwantar da bambar a kujerar baya, yana murmushi. "Kawu, na rage muku aiki, da kaina na cire ta." Da na kifa ta na duba, kunnuwa biyu na gefen dama sun karye, wayar fitilar hazo ta fizge daga soket ɗinta. Na ce masa, "Ɗana, ƙujewar da ka kawo a shafe ita ce ƙaramar matsalar yanzu." Abin ya taɓa ni, domin yaron da kyakkyawar niyya ya yi. Yawancin ɓarnar da nake gani a saddam da shabak, kamar yadda ake kiran bamba da ragar gaba a nan, wajen cirewa take faruwa, tun kafin a buɗe gwangwanin fenti.

Babban kuskure shi ne ja da ƙarfi. Mutum ya kwance notocin da idonsa ya gani a ƙarƙashin bonet, ya ji bamba ta ƙi fitowa, sai ya sa ƙarfi. In ta ƙi, akwai abin da ya rage. A yawancin motocin Japan da Koriya da muke hawa, bamba tana riƙe ne a wuri uku: sama ta wajen raga, ƙasa inda ta haɗu da robar ƙarƙashin inji, da kuma cikin ramin taya. Na ramin tayar shi ake mantawa. Murɗa sitiyari har ƙarshe, ka ɗaga robar da ke lulluɓe ramin, za ka tarar da sukuru ko noti ɓoye daidai inda bamba ta taɓa madigadi. Sifana mai lamba 10 ta ishe ka a mafi yawansu. Idan ka gama da su, ka kama kusurwar bambar ka ja ta gefe a hankali, ta fita daga maƙalinta da ke ƙarƙashin fitila, sannan ku zare ta gaba ku biyu, kowa da ɓangarensa.

Sai ƙananan maɓallan roba, waɗanda ake ce wa kilibsat. Kowane ɗaya yana da ƙusa a tsakiya. Ita ake fara ɗagawa, sannan jikin ya fito salin alin. Wanda ya cusa sukurudireba ƙarƙashin gaba ɗayansa ya banƙara, ya fasa shi, wani lokacin ya haɗa da ramin. Ranar ƙasar nan kuma ba ta raga wa roba: motar da ta shekara biyar tana yini a fili, maɓallanta sun bushe ƙamas, wasu ko da lallashi sai sun karye. Don haka ka sayi jakar sababbi kafin ka fara, ba su da tsada. Kada ka yarda a mayar maka da bamba da igiyar roba ko wayar ɗauri; a kan titin Makka da gudu za ka ji tana kaɗawa.

Da zarar bamba ta saki, kada ka ja da baya da ita. Tsaya ka leƙa. Akwai wayar fitilar hazo, da ta sansan fakin (mai yin ƙara in mota ta kusa taɓa wani abu), a wasu motocin har da kyamara da bututun ruwan wanke fitila. Danna harshen kowane soket ka zare, ba a kama waya a ja. Kafin duk wannan ka kashe mota ka cire kan batir mai alamar ragewa. Duk soket ɗin da ka gani rawaya, na jakar iska ne, ba ruwanka da shi. A sababbin Toyota da yawa kuwa, na'urar radar mai lura da motar gabanka tana bayan tambarin da ke tsakiyar raga. Ba a fesa wa tambarin nan fenti, ba a musanya shi da na ado, kuma in na'urar ta gusa sai an sake saita ta da kwamfuta. Su ma sansan fakin, fenti mai kauri yana sa su yin ƙara babu komai a gaba.

Ragar kanta a kan teburi ake raba ta da bamba, daga baya, a saki harsunanta ɗaya bayan ɗaya. Ka shimfiɗa bargo ko kwali a inuwa. Bambar da aka jefar kan kwalta da azahar, a zafin da ke haura digiri 40, tana iya lanƙwashewa, ranar mayarwa ta ƙi zama. Ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, notocin sama da na ƙasa kowanne da ledarsa.

Wajen fentin ma akwai inda ake tuntuɓe. Duba bayan bambar, za ka ga an buga PP ko makamancin haka, alamar irin robar da aka yi ta da ita. Irin wannan robar fenti ba ya kama ta kai tsaye. Duk inda samfefa ta kai ga tsurarta sai an fesa firaimar roba tukuna, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, in ba haka ba wata biyu ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Kuma a wanke ta da sabulu, a goge da maganin maiƙo kafin a sa samfefa. Man ƙyalli da masu wankin mota suke shafawa yana barin silikon, shi ke haddasa 'yan ramukan nan masu kama da idon kifi. Ma'ajun na ƙarfe, wato bodi fila, ba ya jure lanƙwasar roba, tsagewa yake yi. Raga mai kurom kuwa sai an kashe ƙyallinta sarai.

Kada a haɗa kala da ido. "Fara" ba ɗaya ba ce: a Toyota mai lambar kala 040 daban, 070 mai lu'ulu'u daban. Lambar tana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Duk da haka a gwada a ɗan faranti a fita da shi rana, domin jikin motar ya riga ya sha hasken shekaru. Ranar da ƙura ta taso, ko daren da laimar teku ta sauko wa Jidda, a haƙura, sai dai in akwai ɗakin fesawa. Mai fesawa kuma ya sa takunkumi mai matata, na tsumma ba ya tare tururin nan.

In bugun hatsari ne, ka fara samun takardar izinin gyara ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, kafin samkari, wato mai gyaran bodi, ya taɓa motar. Canza kalar mota kuma sai da yardar Murur, wato 'yan sandan hanya. Lambar mota ta gaba tana jikin bamba, saboda haka kada ka hau titi ba ita.

Ranar mayarwa, ka bar fenti ya yi ƙarfi tukuna, ka manna tef a bakin fitila da madigadi don kada su karce shi. Haɗa wayoyi, gwada fitilu da sansa, daidaita tazarar hagu da dama, sannan ka ɗaure notoci. Polish da wankin injin matsa ruwa kuma ka ɗaga musu ƙafa kamar wata guda.