Ciwon kafaɗa a Ingila: kada takardar MRI ta firgita ku

Rajista da likitan unguwa, wanda a nan ake kira GP, ba ta da wahala. Kyauta ce, kuma ya kamata sabon zuwa ya yi ta tun makon farko. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kafaɗa, domin yawancin 'yan'uwanmu da ke sauka a Manchester da Birmingham aikin ƙarfi suke farawa da shi, ko ɗaga tsofaffi a gidajen kula da su ko jidon kwalaye a rumbunan kaya. Mutanenmu ba ragwaye ba ne, ina alfahari da hakan, amma kafaɗa ba ta san alfahari ba.

A shekarata ta biyu a nan ciwon ya kama ni. Ba na iya kwanciya ta ɓangaren dama, sanya riga ya zama aiki, ko ɗaga hannu wajen kabbarar harama sai na cije leɓe. Da likita ya ce zai tura ni wajen masu gashin ƙashi ba tare da an ɗauki hoto ba, sai na ɗauka rainin baƙo ne. Na kwashe kuɗin aikin mako guda na biya aka yi mini MRI, wato hoton cikin jiki, a asibitin kuɗi, takarda ta fito cewa ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke riƙe kan ƙashin hannu a gurbinsa ta yage. Na karanta kalmar, gabana ya faɗi, na rataye hannu a wuya kusan wata guda, na daina karɓar aiki. Da na kwance shi kafaɗar ta ƙara sandarewa, ga kuɗin haya yana jirana.

Mai gashin ƙashin da na ƙi zuwa wurinta tun farko ita ta warware mini zare da abawa. Tsokoki huɗu ne da jijiyoyinsu suke kewaye da gaɓar kafaɗa, kuma suna lalacewa da shekaru kamar yadda furfura ke fitowa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1995, an yi wa mutum 96 da ba sa jin ciwon komai hoton MRI, aka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku suna da yagewa, a cikin waɗanda suka haura shekara 60 kuwa sun fi rabi. Wani binciken na 2014 a kan marasa lafiya 393 ya nuna cewa girman yagewar ba ya tafiya daidai da tsananin zafin da mutum yake ji. Saboda haka hoto zai iya nuna yagewar da ta daɗe a jikinka alhali ba ita ke hana ka barci ba. Mai gashin ƙashin sai ta sa na tura hannuna a kan nata ta gefe da ta gaba, ta auna ƙarfinsa, ta ba ni igiyar roba da atisayen da zan riƙa yi kullum. Wajen wata uku kafin na koma kwanciya ta dama.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne har yanzu ina ganin sababbin zuwa suna yawo da takardar hoto a waya, suna tura ta zauren WhatsApp, wani ya ce tiyata, wani ya ce a bari sai an je gida wurin mai ɗori. Ku gaya wa likita abin da kuka kasa yi da hannun, da lokacin da ciwon ya fara, da irin aikin da kuke yi, domin a kan wannan ake yanke shawara. A wurare da dama kuna iya neman ganin masu gashin ƙashi da kanku ba sai GP ya tura ku ba. Idan hutun rashin lafiya ya wuce kwana 7, ku karɓi takardar likita ku kai wurin aiki.

Akwai lokacin da ba a jira. Wanda ya faɗi a kan ƙanƙarar hunturu, ko aka fizge masa hannu, nan take ya kasa ɗaga shi, ya kira 111, lambar neman shawarar lafiya cikin hanzari, ko ya tafi sashen gaggawa a ranar, domin sabuwar yagewa irin wannan takan buƙaci hoto da wuri, kuma idan ɗinki za a yi, jinkiri yana ƙara masa wuya.