Darasi na Bakwai: Yadda Za Mu Sa Baki a Aikin Ƙaramar Hukuma

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Jihar Kano tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna 23. An raba kowace ƙaramar hukuma zuwa mazaɓu, kowace mazaɓa kuma da kansilanta. Shi ne wakilinmu mafi kusa, don sau da yawa masallaci ɗaya muke sallah da shi.

Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabarta da kwasar shara. Tana kuma da hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. Kuɗin aikin yana zuwa duk wata daga asusun tarayya, ana haɗawa da harajin da muke biya, kamar kuɗin rumfa a kasuwa. Saboda haka duk abin da ka biya, karɓi rasit.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓen ciyaman. Hukunci daban, aiwatarwa daban. Sai jama'a sun sa ido.

Lokacin magana shi ne lokacin da ake haɗa kasafin kuɗi, kafin shekara ta ƙare. Aikin da bai shiga kasafi ba, da wuya a yi shi, kome yawan alkawarin da aka ɗauka. A Jihar Kaduna, mutanen unguwa sukan zauna su rubuta buƙatunsu, mafi muhimmanci a sama, a miƙa wa hukuma kafin a rufe kasafi. Kowace unguwa za ta iya yin haka. A kira mai unguwa da liman da matasa, kuma kada a bar mata a baya, su ne suka fi sanin wahalar ruwa da ta asibiti. Kada a jera abu ashirin. Uku sun isa.

Maganar baki iska ce, a sa ta a takarda:

"Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma, ta hannun Kansila. Mu mutanen wannan unguwa muna roƙon a sa gyaran famfon tuƙa-tuƙa na bakin makarantar firamare a kasafin baɗi. Wata huɗu ke nan da lalacewarsa."

A rubuta kwanan wata, mutane su sa hannu ko su dangwala yatsa. A yi kwafi biyu. In an kai sakatariya, a roƙi magatakarda ya buga hatimi a kan kwafin da za a dawo da shi gida. Wannan kwafin shi ne shaidarku in an ce takarda ba ta iso ba.

Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce, kamar nawa aka ware wa wani aiki da sunan ɗan kwangilar, kuma ta ce a ba da amsa cikin kwana 7.

Aikin gida: Rubuta sunan mazaɓarku da na kansilanku. Sannan ku haɗu uku-uku ku rubuta takarda irin ta sama a kan buƙata ɗaya ta unguwarku, ku kawo darasi mai zuwa.