Yadda za ki kula da baƙar fatarki a zafin Jidda da Makka

Sana'ata lalle da gyaran amare a nan Jidda. Yawancin masu zama a gabana 'yan uwanmu ne Hausawa daga Karantina, Sabil da Gulail, wasu kuma daga Makka, can wajen Shari'a Mansur. Kukan da na fi ji shi ne na baƙin tabo, a kumatu, a wuya, a hammata, a gwiwa. Kafin ki kashe Riyal ɗaya a kan mai, 'yar uwa, ki riƙe wannan: duk abin da ya wahalar da baƙar fata, da baƙi take ramawa. Ƙurji ne, ƙuna ce, ƙaiƙayi ne, ko gurzar soso, sai ta ƙara zuba launi a wurin, tabon kuma yakan yi watanni kafin ya dusashe. Aikinki na farko shi ne rage mata wahala.

Mu fara da wanka. Ruwan famfonmu na teku ne da aka tace, kuma a tankin saman rufi yake yini. Lokacin zafi, in kin buɗe famfo da azahar, tururi za ki gani. Irin wannan ruwan yana kwashe maiƙon da fata ke kare kanta da shi. Ki tari ruwa a bokiti tun dare, ya kwana ya huce. Kada ki daɗe a wanka. Soson raga mai kaushin nan da muke tahowa da shi daga gida, ki rage dirzar jiki da shi, fuska kuwa kada ya kusance ta. Wuyan da ya yi duhu sau da yawa ba dauɗa ba ce, gurza ƙara masa duhu take yi. In kin ga duhun ya yi kauri da laushi a bayan wuya da hammata, ki je a auna miki sukari, domin yana daga cikin alamunsa na farko, ciwon suga kuwa ya yi yawa a ƙasar nan.

Da kin fito, jiki na da sauran danshi, a lokacin za ki shafa mai. Man kaɗanya ko basilin sun isa ƙafa, gwiwa da hannu, kuma suna hana faso. A fuska dai ki nemi marar nauyi, marar turare. Makka iskarta busasshiya ce, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana yana ƙara tsotse jiki, don haka a can sai an shafa safe da dare. Mu na Jidda kuwa gumi ne damuwarmu. Abayar leda da niƙabin da ya sha zufa su ke kawo ƙurajen zafi da ƙyasfi. Ki sa rigar auduga a ciki, ki mallaki niƙabi biyu ko uku kina wankewa kullum, kuma kada ki feshe shi da turare tunda a fuskarki yake yini.

Wadda ke aikatau a gidajen mutane, hannunki amana ne a wurinki. Kada ki taɓa Clorox, wato bilicin wanki, ko ruwan wanke banɗaki sai da safar roba, kuma kada ki kuskura ki haɗa su biyun, hayaƙin da ke tashi guba ne ga ido da ƙirji.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi ƙuna, wato haɗin man bilicin ɗin nan da ake kira khalɗa, wanda ake sayarwa a robobi marasa suna, ana tallarsa a WhatsApp da Snapchat. Abu uku aka fi samu a ciki. Akwai kotizon mai ƙarfi irin su Dermovate, maganin asibiti ne da likita ke bayarwa na ɗan lokaci. In aka mayar da shi man shafawa na yau da kullum, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito jajur a hannu da cinya, makero ya yaɗu, gashi ya tsiro a fuska, ciwo kuma ya ƙi warkewa da wuri. Akwai haidirokwinon, wanda in an daɗe a kansa yake haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a ƙashin kumatu, mai wuyar magani ƙwarai. Sai makyuri, wanda ke ratsa fata ya taɓa ƙoda da jijiyoyi, har ya isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan mayuka. Nakan gane mai bilicin tun daga gaɓoɓin yatsunta, kuma ba na yi mata halawa ko dilka, domin fatar na iya saluɓewa a hannuna. Idan kin daɗe kina shafawa, kada ki daina kwatsam lokaci guda, fuskar za ta yi ja ta feso da ƙuraje. Ki ɗauki robar ki kai wa likitan fata ya tsara miki yadda za ki janye a hankali. Babu abin kunya a ciki, sun saba gani.

Haka nan baƙin lalle. Lalle na gaskiya ja ne zuwa ruwan ƙasa. Abin da ke sa shi baƙi wuluk cikin minti kaɗan dayis ne na rinin gashi, mai sinadarin PPD. Wata sai bayan sati ɗaya ko biyu zanen zai kumbura ya ɗuri ruwa, ya bar mata tabo da siffar furen, kuma daga ranar jikinta ba zai ƙara jure rinin gashi ba. Ki tambayi mai lalle abin da ta zuba, musamman in za a yi wa yara. Lemun tsami ma da ake gogawa a fuska don haske, in rana ta same shi ƙuna yake zama.

Rana kuwa, launinmu yana ba mu kariya, amma bai kai ya tare ranar Hijaz ba. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka. Kowane tabo da kike fama da shi, rana ce ke ƙara dafa shi. Ki nemi man kariyar rana mai lambar SPF 30 ko sama a saidaliyya, wato kantin magani, wanda ke da ɗan launi ya fi dacewa da mu domin ba ya barin fari-fari. Ki riƙe lema in za ki Harami da rana. Mazanmu masu aikin waje su tuna doka ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Su kuma rage aske gemu ƙwal da reza, gashinmu mai lanƙwasa ne, yana komawa cikin fata ya zama ƙurji. Injin aski da ke barin ɗan tsawo ya fi.

Tunda yawancinmu a rufe muke yini cikin gida, ƙarancin bitamin D ya zama ruwan dare. Ki sa a auna miki jini, in ya gaza a ba ki ƙwaya. Duk tabon da ya canza kama ko girma, musamman a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ki kai shi asibiti a satin, kada ki tsaya shafe-shafe.