Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da babbar manhaja zuwa harshen fanshinal

Wani ƙanena da ke aiki a wani ƙaramin kamfani wajen Ƙofar Ƙaura ya same ni jikinsa na rawa. Manhajarsu ta karɓar kuɗin makaranta da harshen kwamfuta na Java aka rubuta ta, ta tsufa, shi kuma ya koyi Haskell, ɗaya daga cikin harsunan da ake kira fanshinal (functional), yana so a zubar da ita a gina sabuwa. Na ce, "Malam, zauna tukuna."

Babban kuskuren ke nan, rushe komai lokaci guda. Netscape ta yi haka a 1998, sabon burauzarta bai fito ba sai ƙarshen 2000, kafin nan Internet Explorer ya cinye kasuwa. Tsohon kod yana da muni, gaskiya ne, amma munin nan ilimi ne. Na sa ya buɗe nasu, muka tarar da wasu layuka masu kama da shirme. Ashe su ke hana a cire wa uba kuɗi sau biyu idan netwok ya ɗauke yana tsakiyar biya a POS. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, mutumin da ya rubuta layukan ma ya daɗe da barin aikin. Kafin ka taɓa komai, rubuta gwaje-gwajen da za su kama halin tsohuwar manhajar yadda take. Sannan ka ɗauki ɓangare ɗaya, misali lissafin ragowar bashi, ka sake shi. Bar tsoho da sabo su yi aiki tare na zango guda kana kwatanta amsarsu.

Sai zaɓen harshe don burgewa. Mai Java ya duba Scala ko Clojure, domin harsunan fanshinal ne da ke aiki a kan JVM, manhajar da ke gudanar da Java, suna iya kiran tsohon kod kai tsaye. Mai harshen C# yana da F#, ɗan'uwansa na fanshinal.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne a sauya harshe ba a sauya tunani ba. Amfanin fanshinal shi ne bayanin da aka ajiye ba ya canzawa, kuma kowane aiki (function) abin da aka miƙa masa kawai yake dubawa. In ka cusa komai cikin IO, ɓangaren Haskell da ke hulɗa da waje kamar karatu da rubutu, Java ce ka sa wa babbar riga. Ware lissafi gefe, karatu da rubutu a rumbun bayanai gefe. Haskell kuma tana jinkirta lissafi sai an buƙace shi, don haka amfani da foldl, aikin da ke bin jeri yana tara sakamako, a kan dogon jerin biya zai iya cika memorin kwamfutar saba (server). Ɗan'uwansa foldl', mai yin lissafin nan take, ake amfani da shi.

Daga ƙarshe na tambaye shi mutum nawa ne suka iya Haskell a ofishinsu. Ya yi shiru, ya ce shi kaɗai ne. Ran da Abuja ta kira shi fa? Mun rabu a kan zai fara zama da abokan aikinsa biyu duk Asabar, su sake ɓangaren rasit kawai da Scala.