Babi na 7: Zaɓen Kyamara ga Mai Jan Tirela

Darasi na 1: Kayan guda biyu ne

Da zarar ka ɗaura wa mota tirela, madubin tsakiya ya tashi daga aiki. Ka kalle shi, bangon tirelar kawai za ka gani. A Ingila da Ostireliya mutane kan ja ɗaki mai taya, da gado da kicin a ciki, su tafi hutu. Mu nan kaya muke ja, ko dabbobi, ko injin. Duk dai baya ba ya ganuwa.

Kyamara ita ce ƙaramin idon da ake kafawa a bayan tirela, can sama, a tsakiya. Allo shi ne ɗan talabijin da ke gaban direba. Mai inci 7 ya fi sauƙin kallo ga wanda ido ya fara yi wa gardama.

Darasi na 2: Karanta kwali

Kada rubutun kwali ya tsorata ku, 'yan uwa. Sannu a hankali za mu bi shi.

Nemi harafin V, wato ƙarfin wuta. Ƙaramar mota 12V take amfani da shi, yawancin manyan motoci kuma 24V. Idan ka sa kyamarar 12V kaɗai a babbar mota, za ta iya ƙonewa.

Nemi IP67. Lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, ko ta hunturu ce. Lamba 7 tana nufin za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30.

Nemi ɗan zagaye a saman lamba, kamar 120°. Faɗin ganin kyamarar ke nan. Mai 170° tana nuna wuri da yawa, amma motar da ke dab da kai sai ta yi kamar tana nesa.

Darasi na 3: Hagu da dama

Nan ne ake faɗuwa. Ku ajiye biro, ku saurara.

Allo dole ya nuna abu yadda madubi yake nunawa. Abin da ke hagun motarka ya fito a hagun allo. Wasu kyamarori a juye suke zuwa daga shago. Hoton ras, launi ras, amma hagu ta koma dama.

Ga gwajin. Tsayar da mota, ja birkin hannu. Sa yaron motarka ya tsaya a bayan tirela, ta ɓangaren hannunka na hagu, yana riƙe da jan bokiti. Zauna a kujerarka, fuskanci gaba. Ina bokitin ya fito? In a hagun allo yake, madalla. In a dama yake, a juye take. Shiga maɓallan allon, nemi kalmar Mirror, danna.

Ka danna? Sake gwadawa. Yaro ya koma dama, bokiti ya fito a dama. Ya dawo hagu, bokiti ya fito a hagu. Ba laifi ba ne ka yi sau uku, babu wanda aka haifa da iyawa.

Sai dai a aji kowa yakan gyaɗa kai, an fita fili kuma a ga abin mamaki. Wani zai waiga ta taga ya kalli yaron, ya ce daidai ne. Malam, wa ya ce ka kalli yaro? Allo za ka kalla. In ka waiga, ai hagunka ma ta juya. Kai da kake tuƙi shekara da shekaru, ba girmanka ba ne ka kauce wa babur a allo ka je ka same shi a zahiri. Fuskanci gaba. Hagu a hagu, dama a dama. Duk ranar da aka cire batir ko aka sauya allo, a sake gwajin bokiti.

Darasi na 4: Mai waya ko marar waya

Marar waya ta fi sauƙin ɗaurawa, amma a doguwar tirela hoto yakan yanke. Mai waya ta fi tabbas. Ko marar wayar ma yawanci tana buƙatar wuta daga tirela.

Darasi na 5: Inda za a haɗa wuta

In aka haɗa ta da fitilar ribas, sai ka sa ribas za ta kama. In kana son ganin baya kana tafiya, faɗa wa mai gyaran wutar mota tun kafin ya fara aiki.

Darasi na 6: Madubin gefe

Kada ka cire shi. A Ingila doka ce mai jan tirela mai faɗi ya ƙara dogon madubi. Goge idon kyamara da tsumma mai laushi kafin ka tashi.

Aikin gida: a yi gwajin bokiti.