Kurakuran da aka fi yi wajen sa jama'a cikin ayyukan raya karkara

Da wuya ka ga aikin raya karkara a yau, na gwamnati ko na ƙungiya mai zaman kanta, wanda takardarsa ba ta ce "tare da al'umma za a yi" ba. A aikace ne ake samun tangarɗa.

Babban kuskuren shi ne kiran taro bayan an gama yanke shawara. An riga an zaɓi wuri, an ba ɗan kwangila aiki, sannan a tara mutane, a karanta musu, a ɗauki hoto, a zagaya da takardar sa hannu. Wannan sanarwa ce kawai. Tun 1969 wata masaniya Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kasa shigar jama'a cikin yanke shawara mataki takwas, ta kuma sa sanarwa da jin ra'ayi cikin matakan ganin ido, domin ba sa ba mutane ikon sauya komai. Dubi famfon PlayPump, wanda yara ke juya lilo ruwa ya hau tanki. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi masa alƙawarin sama da dala miliyan 16. A wasu ƙauyukan Mozambik an cire famfunan hannu aka dasa shi ba tare da an tambayi kowa ba, sai ga mata, har da tsofaffi, suna tura lilo don yara ba sa nan a lokacin da ake buƙatar ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyaran shi ne, kafin taron farko masu aikin su fayyace abin da jama'a za su iya sauyawa: wuri, irin aikin, lokacin farawa. In babu ko ɗaya, gara a faɗi gaskiya da a ɓata wa manomi yininsa.

Sai batun su wa ake kira al'umma. A 1983 masanin raya karkara Robert Chambers ya bayyana yadda jami'ai ke ziyarar ƙauye: su tsaya bakin titi, su zo da rani lokacin da hanya ke da kyau, su gana da maza masu faɗa a ji, su koma birni kafin dare. Wanda ke can nesa da hanya, da matar da ke ɗibar ruwan, da makiyayi, da wanda ba shi da gona, duk ba a ji su ba. A yi wa mata da matasa zama daban, a sa lokacin da ba na aikin gona ba, a kuma koma da damina, don a lokacin wahalar ke fitowa fili. Kwamiti kuwa jama'a su zaɓa da kansu, kada a bar wa shugaba ɗaya ya naɗa 'yan'uwansa.

Wurin kuɗi ne na fi ganin ana yaudarar kai. Ana zaton da zarar an yawaita taro, sata ta ƙare. Masanin tattalin arziki Benjamin Olken ya gwada wannan a ƙauyuka sama da 600 na Indonesiya da ke gina hanyoyi. Inda aka sanar cewa tabbas masu binciken kuɗi na gwamnati za su zo, kuɗin da ke ɓacewa ya ragu da kusan kashi 8 cikin 100 na kuɗin aikin. Inda aka ƙara gayyatar mutane taro kawai, sauyin bai taka kara ya karya ba. Dalili a fili yake: talaka na iya sanin ko an biya shi ladan aikinsa, amma ina zai san buhun siminti nawa ya shiga kwalbati? Don haka sa idon jama'a ba ya maye gurbin mai bincike, tare suke tafiya. Kuma a ba mutane abin da za su iya tantancewa. A Rajasthan ta Indiya, tun shekarun 1990 ake karanta sunayen leburori da abin da aka ce an biya su a bainar jama'a, nan take sunayen bogi ke tonuwa. Dokar Indiya ta samar da aikin yi a karkara ta 2005 ta mayar da irin wannan bincike wajibi.

Kada kuma a ɗauki aikin ƙarfi kyauta a matsayin shigar jama'a: wanda ya ɗauko yashi bai yanke shawara ba. Biyan kuɗin zama ma yana cika taro da waɗanda kuɗin ya kawo.

Akwai kuma ranar da motar ƙungiya za ta tafi. An sha ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin uku na famfunan hannu a Afirka kudu da Sahara ba sa aiki, galibi don ƙaramin gyara da ba a yi ba. A kafa kwamiti, a miƙa makulli, a ce "naku ne", ba ya isa. Tun kafin a fara haƙa a daidaita wa zai tara kuɗin gyara, ina za a ajiye shi, wane makanike za a kira, a ina ake sayar da kayan gyara, kuma wace lalacewa ce ta fi ƙarfin ƙauye har sai hukuma ta shigo. A rubuta, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.