Kurakuran da masu son tsoffin manhajojin manyan kwamfutoci ke yawan tafkawa

Da yawa da zarar sun ji IBM ya daina kula da wata tsohuwar manhaja sai su ɗauka shi ke nan ta zama ta kowa. Ba haka ba ne fa, kuma wannan kuskuren shi ya fi damuna don yana iya jawo wa masu wannan harka gaba ɗaya matsala. Daina kula daban, sakin haƙƙin mallaka daban. Abin da ya sa OS/360 da VM/370 da MVS 3.8j, wato tsoffin manhajojin da ke tafiyar da manyan kwamfutocin IBM, suke yawo a intanet lafiya lau shi ne IBM ya raba su a wancan zamanin ba tare da alamar haƙƙin mallaka ba, kuma dokar Amurka ta lokacin sai da wannan alamar take kare ka. Amma waɗanda suka biyo bayansu, MVS/XA da OS/390 da z/OS, duk lasisi gare su komai tsufansu. Don Hercules, wato manhajar nan mai kwaikwayon injin IBM da Roger Bowler ya fara a 1999, zai iya tayar da su a kwamfutarka, ba yana nufin an yarje maka ba. Kamfanin TurboHercules har ƙara ya kai IBM gaban Tarayyar Turai a 2010 kan wannan batu, daga baya ya janye, lasisin yana nan yadda yake.

Gyaran mai sauƙi ne, ka tsaya kan TK4- ko TK5, MVS 3.8j ne da aka harhaɗa aka shirya, ka kunna kawai. In kuma wata manhaja ce ta faɗo hannunka to ka nemo mai ita ka roƙa a rubuce. Ana dacewa wallahi, MTS, wato manhajar tafiyar da babbar kwamfuta ta Jami'ar Michigan, an sake shi ga kowa a 2011, kamfanin Bull ma ya saki asalin rubutun Multics, wata manhajar irin wannan, ta hannun jami'ar MIT.

Sai batun tef, nan ne asarar da ba ta gyaruwa take. Mutum zai samu tsohon tef mai layi 9 da ake adana bayanan kwamfuta a kai ya ɗora shi kan inji nan take don ɗoki, alhali tef ɗin da ya shekara talatin a ajiye yakan yi danƙo, hodar jikinsa ta bi ta manne a kan makarancin, wani lokaci juyi ɗaya kawai zai ba ka daga nan bayanan sun tafi. Ka bar wa wanda ya iya gasa shi da ɗumi kaɗan kafin a karanta. Kuma in an zo kwafa kar ka ciro fayiloli kawai ka juya su daga EBCDIC, tsarin haruffan manyan injinan IBM, zuwa ASCII, tsarin da ƙananan kwamfutoci ke ganewa, don su karantu a Windows. Rubutu zai karantu, amma shirye-shiryen da injin ke gudanarwa sun lalace, girman kowane bulon bayanai da alamomin da ke raba fayil da fayil ma sun ɓace. Ka kwafe tef ɗin gaba ɗayansa yadda yake cikin fayil guda a tsarin AWS ko HET, wanda Hercules ke karantawa, juyin ya biyo baya a kan kwafi.

Littattafan jagora ma ana watsar da su. Manhaja babu takardar yadda ake girka ta wahala ce zalla, ka yi sikanin ɗinsu ka tura wa bitsavers, shafin intanet ɗin da ke adana tsoffin takardun kwamfuta. Abin da ka rubuta da kanka kuma akwai CBT Tape, rumbun manhajojin kyauta, tun 1975 masu MVS ke tara kayansu a can.

Sababbin shiga kuwa abin da ya fi kayar da su kashe injin ne. Sun gama wasa a x3270, wato manhajar da ke kwaikwayon allon aiki na IBM, sai su danna su rufe tagar Hercules, gobe su tarar katalog ɗin fayiloli ko ma'ajiyar JES2, wato sashen MVS mai kula da jerin ayyuka, ta hargitse. Ka dakatar da ayyukan da ke gudana, ka ba da umarnin $PJES2, sannan Z EOD, sai ka fita. Kafin ka taɓa wani abu mai muhimmanci kuma ka kwafe fayilolin diski ɗin gefe guda, ba su da wani girma.